Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiyar da ta tambaye ni a rediyo kan ɗaukaka ƙarar ɗanta

Assalamu alaikum, Hajiya. Bayan gaisuwa, ina jajanta miki abin da ya sami gidanki, Allah Ya kawo sauƙi.

Ranar Juma'a da dare kin bugo waya a filin da ake gayyata ta a rediyo don bayanin al'amuran kotu, lokaci ya ƙare ban ba ki ko rabin amsa ba. Kin ce ƴan sanda sun shiga ɗakin zauren da ɗanki yake kwana da abokansa biyu ba tare da nuna wata takarda ba, suka sami ƙullin tabar wiwi a ƙarƙashin katifa, kuma ranar Talata kotu ta ɗaure shi shekara 2. Tambayarki ita ce, tun da a ganinki ba a kan ƙa'ida aka yi binciken ba, in kun ɗaukaka ƙara za a sake shi? A bainar jama'a kika yi tambayar, kuma na san iyaye da yawa a Damagaram suna da irinta a ransu, kunya ce take hana su furtawa, shi ya sa na zaɓi in amsa a bainar jama'a. Ni ba lauya ba ne. Magatakardan kotu na yi har na aje aiki, don haka abin da doka ta tanada da abin da na gani a teburina zan gaya miki.

Kafin a yi maganar bincike, Hajiya, a yi maganar kwanaki, domin su ne suke tafiya muna zaune. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta ƙasarmu Nijar, wadda aka kafa a 1961 aka kuma sha yi mata gyara, ta ba wanda aka yanke wa hukunci a gabansa kwana 10 kacal ya ɗaukaka ƙara. Ba a kotun ɗaukaka ƙara ake farawa ba, a ofishin magatakardan kotun da ta yanke hukuncin ake rubuta ta a rajista, a sa hannu. Ɗanki yana da shekarunsa, saboda haka zuwanki ke kaɗai ba ya wadatarwa: shi ne zai yi, ko lauyansa, ko wanda ya wakilta a rubuce. Tun da yana tsare, hanya mafi sauƙi ita ce ya sanar da shugaban gidan kaso cewa ya ɗaukaka ƙara, a rubuta, a aika wa kotun. Ba a neman ya kawo hujjojinsa a ranar, faɗar niyyar kawai ake bukata. Gobe da safe ki kai masa wannan saƙo kafin ki kai masa abinci.

Ina nanata wannan ne saboda wani dattijo da har yau nake ganin fuskarsa. Daga wani ƙauye na yankin Mirriya ya zo, da takardu a naɗe cikin leda a aljihun riga, ya sayar da rago domin kuɗin mota da na hidima. Kwanakinsa duka ya ƙarar da su yana yawon kamun ƙafa, yau gidan wani mai faɗa a ji, gobe gidan wani da ya ce ya san alƙali. Da ya tsaya a gabana na buɗa rajista na duba ranar hukuncin ɗansa, sai na ga kwana 12. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce, "Yaro, kwana biyu ne fa." Ban iya ɗaga kai na dube shi ba, domin na san ko na rubuta, abin da alƙalai za su fara dubawa shi ne ranar, daga nan su rufe fayil ɗin ba tare da sun karanta komai a ciki ba.

Yanzu ga tambayarki. Ba zan yi miki daɗin baki ba: rashin nuna takarda shi kaɗai ba lalle ne ya ɓata binciken ba. Maganar cewa sai da takardar alƙali ake shiga gida, yawancinta daga finafinan Amurka yaranmu suka jiyo ta, alhali tsarinmu daga na Faransa aka ɗauko shi. A wurinmu, idan laifin na kama-da-hannu ne, wato an kama mutum yana cikin aikata shi ko bai daɗe da aikatawa ba, jami'in bincike yana da ikon shiga ya bincika ba da yardar mai ɗaki ba, da sharaɗin a yi a gaban mai ɗakin, ko wakilinsa, ko shaidu biyu, a ƙidaya abin da aka samu, a rufe shi da hatimi, a rubuta komai a takardar bincike. Idan kuwa binciken farko ne kawai bisa zargi, to sai mai ɗakin ya yarda ƙarara. Saboda haka abin da lauya zai tambaya shi ne: a ƙarƙashin wanne daga cikin biyun suka ce sun shiga, wa yake tsaye a ɗakin lokacin da aka ɗaga katifar, da wane lokaci, kuma nauyin da aka rubuta a takarda ya yi daidai da abin da yake cikin hatimin?

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan. Doka ta ce duk mai ƙorafin cewa an karya ƙa'ida a bincike, ya faɗe shi tun farkon zama, kafin ya fara kare kansa a kan laifin. Idan ɗanki ya tsaya gaban alƙalin farko ba lauya, aka tambaye shi ya amsa, bai ta da maganar binciken ba, to mai gabatar da ƙara zai ce bakin alƙalami ya bushe. Wannan yana yawan faruwa a shari'ar kama-da-hannu, wadda ake yi cikin gaggawa, yaro bai ma san yana da damar neman a ba shi ƴan kwanaki ya shirya kariyarsa ba. Shi ya sa nake roƙonki kada ki rataya dukan begenki a wannan ƙusa.

Duk da haka shawarata ita ce ku ɗaukaka, kuma ga dalilina. Kotun ɗaukaka ƙara, wadda Allah Ya sa muna da ita a nan Zinder ba sai an tafi Yamai ba, sake sauraron shari'ar take yi, alƙalai uku a zaune, a duba abin da ya faru a kuma duba doka. A maganarki na ji abu biyu da suka fi rashin takarda nauyi. Na farko, mutum uku suke kwana a ɗakin, kuma duk wanda ya san ɗakunan zaure na Birni ko Zango ya san ƙofarsu ba ta rufuwa, ƴan fada, wato samarin da suke zaman hira tare, suna shiga shan shayi har tsakar dare. Me ya nuna ƙullin na ɗanki ne, ba na wani ba? Idan an ce ya amsa da bakinsa a komisariya, wato ofishin ƴan sanda, amsa laifi ba ta ɗaure hannun alƙali, hujja ce da zai auna kamar sauran. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, takardun bincike da Faransanci ake rubuta su, kuma na ga yara da yawa sun dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta musu ba. Ki tambaye shi ko an fassara masa kafin ya sa hannu, da kuma ko an gaya masa yana da damar kiran lauya, domin ƙa'idar 2014 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta ba lauya ikon tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi.

Abu na biyu shi ne sunan da aka ba laifin. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 23 ga Satumba 1999 ta raba tsakanin mai riƙe wiwi domin shansa da mai saye da sayarwa, kuma tazarar hukuncinsu babba ce. Alƙali yakan dubi yawan abin, ko an same shi a ƙulle ƙanana-ƙanana irin na sayarwa, ko akwai ma'auni da tarin canji a kusa. Ƙasar da aka kama tan 17 na wiwi a ɗakin ajiya guda a Yamai a watan Maris na 2021 ta san bambancin fatake da yaron da ya lalace, kuma aikin lauya ne ya tuna wa kotu wannan bambanci. Ko ba a wanke shi ba, ana iya sauya sunan laifin, a rage wa'adin, ko a mayar da shi ɗaurin je-ka-gyara-halinka idan wannan ne karonsa na farko. Kada ki raina wannan, domin abin da aka rubuta a takardarsa ta kaziye, wato takardar tarihin hukunce-hukuncen da aka yanke wa mutum, zai bi shi duk ranar da ya nemi shiga gasar ɗaukar aiki.

Dole kuma in gaya miki haɗarin. Idan shi kaɗai ya ɗaukaka, kotu ba ta da ikon ƙara masa hukunci, amma mai gabatar da ƙara yana iya ɗaukakawa shi ma, kuma a nan ƙofar ƙari ta buɗe. Haka nan ɗaukaka ƙara ba ta buɗe ƙofar kaso. Yana nan tsare har ranar zama, sai dai ya nemi sakin wucin gadi, a ba shi ko a hana, kuma jiran yakan ɗauki watanni.

Game da kuɗi, mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke, kuma na san nauyin abin. Ki nemi ofishin hukumar ANAJJ, wadda aka kafa a 2011 domin taimakon marasa ƙarfi a gaban shari'a, ki bayyana musu halinki. Duk wanda ya tare ki a bakin kotu ya ce ki kawo jika kaza zai ga alƙali, ki wuce shi, domin wannan laifi ne na biyu a kan na farko. Ki nemi kwafin hukuncin, ki rubuta sunayen maƙwabtan da suka ga shigar ƴan sandan tun ba su manta ba. Bayan ɗanki ya yi magana da shugaban gidan kaso, ki je da kanki ofishin magatakarda ki tabbatar takardar ta iso, ki roƙi a nuna miki ranar da aka rubuta a rajista. A lissafina daga Talatar da kika ambata, Juma'a mai zuwa ce ta ƙarshe, kuma kada ki bari sai ita.

Wassalam, naki,
Tsohon magatakardan kotu, Zinder