Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jigawa Umar Namadi Kan Yaran Bayan Tasha

Assalamu alaikum, Mai girma Gwamna.

Daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo nake rubuto maka, a kan samarin da ke shaye-shaye a kangwaye, bayan tasha da gefen kasuwa ranar da take ci. Duk sanda aka kai samame su ake kwashewa, jama'a su yi ta sa albarka. Amma ranka ya daɗe, su ake gani don ba su da ƙofar da za su rufe. Ɗan mai hali yana shan nasa a ɗakinsa ko cikin mota. Wanda ke kwana a shago su biyar, ina zai ɓuya?

Kuma a karkara ba kowa nishaɗi ya kai ba. Yaron da ke ƙwadago a gonar shinkafa, tun asuba ƙafarsa na cikin ruwa, tiramol yake haɗiya, ya ce maganin gajiya ne. Da yamma a biya shi, kaso mai tsoka ya koma hannun mai ƙwaya, gobe kuma jiki ya ƙi tashi sai da ita. Wanda ko wannan ya gagara sai sholisho na masu faci, don shi ne mai araha. Ambaliyar 2022 ta cinye amfanin gona, cire tallafin mai a 2023 ya sa fetur ɗin injin ban-ruwa ya fi ƙarfin ƙaramin manomi. Da yawa sun bar tasu gonar suna yi wa wasu aiki.

A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin. Shaye-shaye bai tafi ba, kaya kawai aka sauya.

Iyaye fa sun gaji. Jigawa na da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, amma daga nan tafiya ce daga wannan ƙarshen jihar zuwa wancan, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana. Shi ya sa wasu ke ɗaure 'ya'yansu da mari.

Roƙona, a buɗe sashen kula da masu shaye-shaye a Haɗeja, kyauta, a horar da ma'aikatan asibitocin ƙauye su karɓi yaro ba tare da tsangwama ba. Wanda ya warke a sa shi cikin rabon kayan noman rani. Samame kuma a fara da mai kawo ƙwayar kwali-kwali; masu unguwanni da dagatai sun san shi, a tambaye su.

Allah ya taimaki Gwamna.

Naka,
Wani manomi daga Auyo