Ba yunwa ce ke kai ni kicin ba

Assalamu alaikum Anti, barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana uku. Maganar nan ko maigidana bai taɓa jin ta daga bakina ba.

Tun da mahaifiyata ta rasu shekara biyu da suka wuce, abinci ya zama mafakata. Da raina ya ɓaci, ko gida ya yi tsit bayan yara sun yi barci, sai in tsinci kaina a kicin. Shekaranjiya da ƙarfe ɗayan dare, a tsaye, ko fitila ban kunna ba, na cinye tuwon da na ajiye don ɗumame da sanyinsa, na bi da cincin ɗin da nake ɓoyewa a bayan buhun shinkafa, na kora da lemon kwalba biyu. Wallahi ban ji ɗanɗanon komai ba. Ƙuncin ƙirjina ne kawai yake sakina muddin ina tauna. Ina gamawa kunya ta rufe ni, na wanke tukunyar ina kuka.

Dangi kuwa cewa suke, "Kin yi ɓulɓul, hankali ya kwanta." Da sun sani!

A asibiti an auna sugana kafin in karya, aka samu 6.4, likita ta ce in ya kai 7 ya zama ciwon suga. Ta kuma ce doguwar damuwa na sa jiki ya yawaita wani sinadari, kotisol, mai ƙara kwaɗayin zaƙi da maiƙo. Na san hadisin da ya ce a raba ciki uku: abinci, abin sha da numfashi. Na gwada azumin Litinin da Alhamis, amma da an sha ruwa sai in ninka.

Abin da ya fi tsorata ni, Anti, na kasa bambance abin da nake ji. Kewar Inna, fushi, kaɗaici, duk a cikina nake jin su kamar yunwa. Yaya zan koyi gane wanne ne ya taso kafin hannuna ya kai tukunya? Me zan yi a wannan lokacin in ba ci ba? In je wurin likitan ƙwaƙwalwa ne, ko za a ce na haukace? Kuma ta ina zan fara yi wa maigida bayani?

Jiya na yi wa 'yata mai shekara 9 faɗa, sai na same ta a bayan ƙofa tana cusa biskit tana hawaye. Shi ya sa na kasa ƙara yin shiru. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanwarki, daga Zariya.