Godiya ga asibitin dabbobin da ya koya mini jinyar muzuruna mai ciwon sukari

Assalamu alaikum Likita, tare da dukan ma'aikatanku.

Na zaɓi in yi muku wannan godiya a bainar jama'a ne domin na san akwai masu kyanwa da ke cikin ruɗun da na shiga wata bakwai da suka wuce, ranar da na kawo muku muzuruna, wanda muke kira Dattijo. Shekararsa goma sha ɗaya. Ya dinga shan ruwa kamar ba gobe, fitsari ba iyaka, yana ci amma yana ramewa, har ya fara taka ƙasa da dunduniyar ƙafafunsa na baya. Ni duk tsufa na ɗauka.

Da awon sukarin jininsa na farko ya nuna 380, ba ku yi gaggawar yanke hukunci ba. Kuka ce kyanwa idan ta tsorata sukarinta kan yi sama ko da lafiyarta ƙalau, don haka kuka duba fitsari, kuka ƙara da gwajin furuktosamin, mai nuna yadda sukari ya kasance cikin kimanin mako biyu da suka gabata. A nan hankalina ya fara kwanciya da ku.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da Malama mai taimaka muku ta yi da ni a ɗakin gwaji. Ni mutum ne da ko allurar kaina ba na iya kallo. Ta sa na ɗumama kunnen Dattijo da tsumma mai ɗumi, ta haska mini siririyar jijiyar da ke bin gefen kunnen, ta ce a nan zan tsikara, ɗigon jini ɗaya ya isa a auna sukari. Sau uku ina kuskurewa, hannuna na rawa, shi kuwa gogan ko a jikinsa. Ba ta karɓe abin daga hannuna ba, sai da na samu ɗigon da kaina. Sannan ta sa na gwada allurar da ruwan gishiri na asibiti, in ɗaga fatar gefen jiki in soka a ƙarƙashinta, har sai da hannuna ya faɗa. Ta kuma ba ni shawarar na'urar auna sukari ta AlphaTrak da aka daidaita don jinin kyanwa da kare, domin irin ta mutane takan nuna adadi ƙasa da na gaskiya.

Kun fara masa da insulin ɗin ProZinc, wato allurar da ke rage sukarin jini, awo ɗaya safe, ɗaya yamma, tsakaninsu awa 12. A ajiye kwalbar a firij amma kada ta daskare, a mirgina ta a tafin hannu a hankali kafin a zuƙa. Kuka ja mini kunne cewa idan na yi allura na ji gashin ya jiƙe, kada in kuskura in maimaita, gara a rasa ta wannan lokaci da a ninka. Kuka kuma hana ni ƙara awon maganin da ra'ayin kaina. Na ji haushin wannan a makon farko, ba zan ɓoye ba, don ina ganin 300 a na'ura zuciyata na ce mini in ƙara. Sai da muka yi awon yini guda, kowace awa biyu har awa 12, na ga da idona yadda sukarin ke gangarowa ƙasa a tsakiyar rana ya sake hawa. Ashe wancan adadi mafi ƙanƙanta shi kuke dubawa kafin ku taɓa awon magani.

Akwai kuma wautar da na tafka. Sirinjina suka ƙare, na saya a wani kantin magani ban duba ba. Da na aiko muku da hoto, nan take kuka gane na U-100 ne, wato na insulin mai awo 100 a mililita ɗaya, alhali ProZinc U-40 ne, mai awo 40. Wato ko da na zuƙa zuwa layi na 2, abin da ke shiga jikinsa bai kai awo ɗaya ba. Kuka ce na ma yi sa'a, don da akasin haka ne, insulin na U-100 irin Lantus a sirinjin U-40, da ya sha ninki biyu da rabi.

Sai safiyar da ba zan manta ba. Na auna kafin allura, kamar yadda kuka saba mini, na ga 68. Dattijo na zaune lafiya, ba layi, ba rawar jiki. Da ba na awo a gida, da na yi masa allurar nan na fita aiki. Na kira ku tun asibiti bai buɗe ba, kuka ɗauka, kuka ce in ajiye sirinji, in ba shi abinci, in sake awo bayan rabin awa, in kuma ajiye zuma kusa, idan ya fara tangaɗi in shafa masa a dasashi in taho da shi. Ba mu kai ga zumar ba.

Daga ranar kuka rage masa magani. Da ma kun mayar da shi kan abincin gwangwani mai ƙarancin sitaci, kun kuma gaya mini cewa wasu kyanwoyin kan kai matsayin da ba sa bukatar insulin idan aka shawo kan ciwon da wuri. Yau makonsa biyar ba allura, awonsa na yawo tsakanin 90 da 130, ya koma hawa taga. Kun ce ciwon na iya dawowa, don haka ban daina awo sau ɗaya a mako ba.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannunku albarka. A gaishe mini da Malama da kyau, da mai ɗaukar waya da na dama da kira. Ranar da kuka ba mu za mu zo, da littafin awonmu a hannu.

Naku,
Mai Dattijo