Godiya ga gidan abinci na The Kitchin da ke Edinbura

Zuwa ga Tom Kitchin da ma'aikatansa,

Kwana 6 muka yi a Edinbura, ni da maiɗakina, mun je bikin yaye 'yarmu a jami'a. Kafin mu zo wurinku, cin abinci a waje ya zame mana wahala. A wani gida da ba zan kama suna ba, na tambayi mai kawo abinci ko an sa giya a miya. Sai ya ɗaga kafaɗa, wai ai wuta ta cinye ta. A wani kuma saurayin ya yi ta kallon hulata kamar na ɓata hanya. Dankali da burodi muka ci muka tashi.

Don haka da 'yarmu ta ce ta kama mana tebur a unguwar Leith, a wani tsohon rumbun ajiyar wiski, sai na ce a raina yau ma dankalin ne.

Wata yarinya ce ta tarbe mu, ba za ta wuce sa'ar 'yata ba. Tun ban buɗe baki ba ta ce ta ga saƙon da aka bari lokacin kama tebur. Ta faɗa mana ƙarara cewa shahararren girkin gidan, jatan lande da kan alade, ba namu ba ne, ƙumbar teku ma, wani naman ruwa mai ɓawo, akan haɗa miyarta da giya. Ta leƙa kicin ta dawo ta ce kuku zai yi mana ba da ita ba. Babu tsaki, babu gaggawa. Na ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka." Ba ta ji Hausa ba, amma ta yi murmushi.

Sai ta miƙo mana wata 'yar taswirar Sikotland, an nuna inda kayan girkin suka fito. Ƙumbar daga tsibiran Okni take, masu nutso ke tsinto ta da hannu, ba a jan taru a ƙasan teku a kwashe kowa da komai. Maiɗakina ta naɗe takardar ta jefa a jaka.

Abincin kam ba sai na yabe shi ba. Gidan da aka buɗe a 2006, ya samu tauraron Michelin, lambar yabon da ake ba fitattun gidajen abinci, a 2007, ya wuce yabona. Aljihuna dai ya ji a jikinsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mene ne wahala a faɗa wa baƙo abin da ke cikin farantinsa? Wurare nawa ne za ka tambaya a ce "babu", ka ɗanɗana ka ji akwai? Wasu kifin ma ba su san ko na teku ne ko na firiza ba, amma kuɗin hidima yana nan a ƙasan rasit.

Don Allah a isar wa yarinyar nan da gaisuwarmu. Taswirar tana nan manne a falonmu.

Naku,
Wani uba mai godiya