Rahoton Sakatare kan Ayyukan Ƙungiya na Bana

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗaliban kasuwanci da gudanarwa.

Bana babi na uku na kundin bincike, wato babin hanyoyin gudanar da bincike, shi ne ya cinye mana shekara, domin a nan malamai suka fi dawo wa mambobinmu da kundi cike da jan biro. Da muka zauna muka duba, sai muka ga yawancinmu muna zaɓar takardar tambayoyi da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, tun kafin mu san abin da muke nema.

Shi ya sa muka fara bitar da falsafar bincike. An bayyana mahangar Auguste Comte, Bafaranshen ƙarni na 19, wadda ta dogara kan abin da ake iya gani a auna, da ta masu cewa sai ka fahimci yadda mutum ke kallon aikinsa kafin alƙaluma su yi ma'ana. Misalin da ya fi shiga kan mutane shi ne binciken masana'antar Hawthorne ta kamfanin Western Electric da ke kusa da Shikago, daga 1924 zuwa 1932: an ƙara hasken fitila aiki ya ƙaru, an rage shi aikin bai faɗi ba. Daga nan aka fara zargin cewa sanin ana kallonsu ne ya motsa ma'aikatan.

Zaman lissafin yawan mutanen da za a tambaya ya yi zafi. Da aka nuna cewa lissafin masanin ƙididdiga Taro Yamane, idan an yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, ba ya taɓa wuce mutum 400, teburin da masana Krejcie da Morgan suka fitar a 1970 kuma ya tsaya a 384, ɗaki ya yi tsit, don kowa ya tuna kundinsa.

Mun kuma fita gwaji Kantin Kwari da takardun ma'aunin Likert, waɗanda mutum ke zaɓar matakin amincewarsa ko rashin amincewarsa da wata magana a cikinsu. Wani ɗan kasuwa ya juya takardar, ya miƙa wa yaron shagonsa ya cike, shi kuma ya ci gaba da auna shadda. Da muka ajiye takarda muka koma hira da Hausa, har tsarin bashin da ke tsakaninsa da dillalai ya warware mana. Ribar dai ya ƙi faɗa, kuma ban ga laifinsa ba.

Bitar nazarin hira da muka yi alkawari ba ta yiwu ba saboda ƙarancin kuɗi. Da ita za mu buɗe baɗi in Allah ya kai mu. Masu bashin kuɗin wata su tuntuɓi ma'aji kafin babban taro.

Sakatare