Koke zuwa ga Mai Martaba Sarki kan masu sare mana madobiya

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani. Mu ne talakawanka mazauna ƙauyukan bakin daji, manoma da makiyaya, muka durƙusa gabanka da kukanmu don yaro ba ya kai kuka sai wurin ubansa.

Ranka ya daɗe, daren Talatar nan wata tirela da aka yi wa lodin katakon madobiya fiye da ƙima ta karya mana kwalbatin da muka gina da kuɗin karo-karo, ta kife a rafi. Da asuba mun je mun gani da idonmu, katako zube cikin ruwa har jan ruwan itacen bai gama bushewa a jikinsa ba, shi kuma direban ko sannu bai ce mana ba, waya kawai yake yi da maigidansa. Kafin azahar sun kawo wata motar sun kwashe kayansu tsaf sun bar mana karyayyen kwalbati. Ran Laraba wata mai naƙuda sai a kafaɗa aka tsallaka da ita, wallahi ranka ya daɗe abin ya yi mana ciwo.

Kuma katakon nan ba a nan ake amfani da shi ba. Kwantena ake zuba shi a kai tashar jirgin ruwa, sai ƙasar Chana, a yi kujeru da gadaje masu tsada da shi. Yaranmu da suka yi boko sun karanta mana cewa tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin namun daji da itatuwan da ake tsoron ƙarewarsu, ta sa madobiya cikin itatuwan da ba a fita da su sai da takardar izini, gungume ne ko wanda aka yanka aka gyara, a 2018 ma aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. To wa ke ba waɗannan izini? Mu dai kullum dare ƙarar inji muke ji.

Mun je wurin mai unguwa, mun je wurin dagaci, mun rubuta takarda ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, an ce za a zo, an ce a yi haƙuri, haƙurin muke ta yi. Ganyen madobiya shi dabbobinmu ke ci idan rani ya tsananta, yanzu sai kututture, bishiyar da ta girme wa kakanninmu a kayar da ita kafin ka sha ruwa.

Muna roƙon Mai Martaba ya sa a kira dillalan nan su gyara kwalbati kafin ruwa ya yi ƙarfi. A hana manyan motoci bin hanyarmu da dare, a sa malaman daji su nemi ganin takardunsu a gaban jama'a, a ja kunnen yaranmu masu nuna musu bishiyoyi don ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwalbatin dai ranka ya daɗe, don Allah a fara da shi, matasa sun fara maganar tare hanya muna ta danne su don girmanka.

Allah ya ja zamanin Sarki.

Talakawanka, mazauna ƙauyukan bakin daji.