Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, Kan Allurar Insulin

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Shekara tara ke nan mahaifiyata na fama da ciwon suga nau'i na biyu. Da ƙwayar metformin ta fara, aka ƙara mata glibenclamide, ta haƙura da shayi mai zaƙi, ta rage tuwon shinkafa. Bara likita ya ce ƙwaya kaɗai ta gaza, sai an haɗa da allurar insulin. Ba sakacinta ba ne, haka ciwon yake idan ya daɗe a jiki.

Tun da naira ta faɗi a Yunin 2023, kuɗin kwalba ɗaya ya fi ƙarfin ɗan abin da muke haɗawa. Wata safiya na leƙa ɗakinta na tarar tana jan maganin a sirinji, ta tsaya a 12 alhali 20 likita ya rubuta. Na ce, "Inna, me ya sa?" Ta ce so take kwalbar ta kai ƙarshen wata, kada ta ɗora mana nauyi. Sati uku tana haka, ba wanda ya sani.

Ga kuma zafi. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wadda aka buɗe kuwa kwana 28 ne, shi ma a ƙasa da digiri 30. Ka san watan Afrilu a wajenmu, ɗan Misau ba a ba shi labarin rana. Wuta sai ta ga dama. A leda muke ƙulle maganin mu jingina shi da randa cikin jiƙaƙƙen yashi, muna fatan bai lalace ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, a sauko da insulin zuwa asibitocin sha-ka-tafi. Da yawansu suna da firji mai sola na allurar rigakafi. A samar da irinsa don masu suga, mutum ya karɓi ta wata guda cikin rahusa, a gwada jininsa a nan take. Kuɗin kuma akwai inda za a nemo: dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi. A ware wani kaso ya tafi ga insulin da tsinken gwaji.

Yanzu ni nake ja mata allurar da hannuna kafin in fita kasuwa.

Naka,
Ɗan wata mai ciwon suga, daga Azare